Ƙusa a Kan Batir

Batirin mota ya fashe a fuskar Talantbek ranar Lahadi da safe, a tashar motocin haya ta Narin, wani gari mai tsananin sanyi a cikin duwatsu, ya rasa idonsa na dama. Fasinjojinsa na zaune cikin mota lokacin da abin ya faru. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya uku, kuma tuƙi ne kaɗai sana'ar da ya iya.

Abin bai fara ranar ba. Kamar sauran direbobin garin, idan lokacin ƙanƙara ya kama, Talantbek kan kwance batirinsa kowace yamma ya shiga da shi gida don kada sanyi ya kashe shi a waje. Sai ya ajiye shi kusa da murhu, ya jona masa caja, gari na wayewa ya ɗauka ya mayar. Yau kwance, gobe ɗaure, har bakin wayoyin ya saki. Wani farin gari mai ratsin shuɗi ya riƙa taruwa a kawunan batirin. Direbobi na ce masa gishiri.

Matarsa Ainagul ce ta fara magana, ranar da ta ɗaga batirin za ta yi shara.

"Baban yara, dubi yadda abin nan ya cinye min darduma. Hannun rigarka ma duk ya huhhuje."

"Gobe zan wanke shi."

"Tun kafin ƙanƙara ta sauka nake jin goben nan."

Ya riga ya kai ƙofa da guntun burodi a baki. Talantbek mutum ne da ba ya zama. A tsaye yake shan shayi, yana leƙen hanya, yana kaɗa makulli. Duk safiyar da mota ta ƙi tashi, sai ya watsa wa gishirin ragowar shayinsa, ya ƙwanƙwasa kan batirin da sifana. Da wannan ya daina ci, ya samo ƙusa ya buga tsakanin kan batirin da bakin waya, don ta riƙe. Ta riƙe ɗin kuwa, na ɗan lokaci.

Jumakadir, wani dattijon direba da ke bin bayansa a layi, ya taɓa leƙa cikin bonet ɗin.

"Kai Talant, batir ne wannan ko ƙololuwar dutse? Har ƙanƙara ta rufe shi. Ka samu sodar burodi da ruwan ɗumi da burushi mana. Kafin shayinka ya huce ka gama. Ka kuma sayi sabon bakin waya, ka zare ƙusar nan."

"Yaya Juma, na gano ka. So kake in bar layi ka kwashe min fasinja."

"Waɗanne? Waɗanda ke tura ka kullum?"

Aka yi dariya, Talantbek ya rufe bonet.

Lahadin nan ranar kasuwar dabbobi ce a garin At-Bashi da ke kusa, kowa na son isa kafin a zaɓe tumaki masu kyau. Talantbek ya zare batirin daga caja yana da ɗumi, ya ɗaura, ya iso tasha da wuri. Layinsa ya zo, mota ta cika. Ya murɗa makulli, ta ce ƙas. Ya sake murɗawa, shiru.

Wani fasinja ya buɗe ƙofa. "Direba, in ba za ta tashi ba mu koma ta dattijon can."

"Zauna, ɗan'uwa, yanzu-yanzu."

Ya fita da gudu. Bai zare makulli ba, fitilu na kunne. Ya ɗaga bonet, ya tarar ƙusar ta yi lakwas cikin gishiri. Ya sunkuya dab da batirin don ya gani da kyau, ya ɗaga sifana ya kai mata bugu. Sifanar ta goce, ta haɗa kan batirin da jikin mota. Tartsatsi ya tashi. Batirin da aka gama yi wa caji yana fitar da iska mai kama wuta, kuma ita ce ta kama. Murfin ya tarwatse, ruwan batir ya wanke masa fuska.

Mutane suka taru. Wani ya goge masa ido da tsumma, wata ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa fuska, Jumakadir ya sauke nasa fasinjan ya nufi asibiti da shi. Akwai butocin ruwa a shagon mai shayi, ga shi nan kusa. Babu wanda ya san cewa abu na farko shi ne a yi ta kwarara wa idon ruwa. Likita ya ce wannan jinkirin ya yi ɓarna daidai da fashewar.

Mai karatu, farin garin da ke kan batirinka ba ƙura ba ce, alamar matsala ce. Kashe mota, zare makulli, kare idonka, fara kwance waya mai alamar ragi, ka wanke da soda da ruwan ɗumi, ka busar, ka ɗaure sosai. Bakin wayar da ya saki canza shi ake yi, ba a buga masa ƙusa. Gaggawar da ta hana ka ƙaramin gyara tana iya raba ka da abin da ba a gyarawa.

An mayar da Talantbek wani asibiti a Bishkek, babban birnin ƙasar. Ainagul na gefen gadonsa tana riƙe masa hannu, saboda yana yawan kai shi ga bandejin. Idon hagu ma ya taɓu, amma yana bambanta haske da duhu. Likitoci ba su ce ko zai kai ga ganin hanya ba.