Mai Gadin da Ya Sauya wa 'Yan Gida Suna

Kai da ka zo kana kukan aiki ya ƙi, zauna ka ji misali, ko da yake in ya yi maka rana ba za ka faɗi inda ka samo shi ba. An saba.

An yi wani mai rubuta manhaja a Gusau, gwani ne, kuma ya san shi gwani ne, nan ciwon yake. Wani ƙaramin asibitin unguwa ya ba shi aikin manhajar da za ta riƙa tuna wa masu juna biyu ranar awo. Aka ce ran Alhamis ya zo ya gwada ta gaban babbar ungozoma. In ta yi a karɓa, in ta ƙi a ba wani. Ya rubuta abinsa tsaf. Da ya dubi kyawun aikin sai tsoron ɓarayin fasaha ya kama shi, musamman wata abokiyar sana'a da suke zaune ofis ɗaya, wadda bai taɓa kama ta da laifin komai ba sai yawan gaisuwa. Don haka ya ɗora wa manhajar mai gadi, irin kayan kariyar nan da ke bin rubutu layi-layi suna sauya sunan komai, "ranar awo" ta koma "a", "lambar waya" ta koma "b", yadda ko ɓarawo ya buɗe ba zai gane gaba ba, balle baya.

A kwamfutarsa, inda yake gwaji ba mai gadi, manhaja na gudu kamar ruwa a gangare. Da ya kulle ta da mai gadin ya tura waya, sai ta buɗe fari fat, ba suna ba rana, ta rufe kanta. Ya nemi bayanin kuskure, aka ce masa "a" ta kasa samun "b" a cikin "c". Ya zagi sabis. Ya ce wayar ce ta tsufa, ya aro ta surukinsa, ita ma haka. Kwana uku yana warware layukan da lafiyarsu ƙalau yana sake ɗinke su, har ya fara tunanin ko baki ne ya kama shi. Mai gadi kuwa ko harara bai samu ba. Wa ke laluben aljihun wanda ya ɗauka tsaro?

Ran Laraba da hantsi abokiyar sana'ar ta gaji da jin tsakinsa, ta tambaye shi me ya bambanta ta kwamfuta da ta waya. Ya ce ba komai, sai mai gadi. Ta ce, "To, Malam gwani, sallame shi na minti biyar mana, mu gani." Ya sallame shi yana kare allon da kafaɗa. Nan take sunayen mata suka jeru, kowace da ranarta. Ashe rumbun bayanan asibitin ne ke aiko saƙo, ya tsaya a ƙofa yana kiran "ranar awo", ba mai amsawa, don mai gadi ya riga ya raɗa wa mai wannan suna sabon suna, "a". Gwani bai kori mai gadin ba. Jerin sunaye ya rubuta masa, ya ce waɗannan daga waje ake kiransu, kada ka taɓa, sauran ka yi yadda ka so. Ya kuma adana takardar da ke nuna tsohon sunan kowa da sabonsa, saboda gobe.

Ran Alhamis ungozoma ta danna, wayar wata mai ciki wata bakwai ta yi ƙara a kan benci, aka karɓi aiki. Gwani ya dawo yana gaya wa kowa tun Litinin yake zargin mai gadin. Sai dai daga ranar allon kwamfutarsa, da a da yake juya wa bango don kada abokiyar sana'ar ta leƙa, ya daina fuskantar bango.

Saboda haka kafin ka rushe ɗakinka neman ɓaraka, leƙa wurin wanda ka ba makulli. Hausawa sun riga mu faɗa: ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.