Zinariyar Ɗan Maraƙi

"Malama, a ina suka samu zinariya a tsakiyar jeji?"

Wata tsohuwa ce ta yi tambayar a taron zumuntar mata na Wusasa. Malamar ta gama ba su labarin Isra'ilawa ke nan: Musa ya kwana arba'in a kan dutse, jama'a suka gaji da jira, suka ƙera ɗan maraƙin zinariya suka durƙusa masa.

Malamar ta san amsar. Shekara goma tana koyar da darasin nan, kullum tana mamakin wautar mutanen.

Amma yau kwana arba'in da uku da masu garkuwa suka ɗauke mijinta a hanyar gona. Ta yi azumi, ta yi addu'a har muryarta ta dushe, shiru. Jiya ta lulluɓe da mayafi kamar matan birni, ta shiga zauren wani boka a bayan Ƙofar Gayan. Ya ajiye ƙahon bijimi a gabanta, ya ce ta durƙusa ta ba ƙahon abin da mijin ya saya mata da hannunsa.

"Malama, ba ki ji ba ne?"

"'Yan kunnen matansu suka cire, Mama."

Tsohuwar ta girgiza kai. "Kai, mutanen da! Allah ya shirye mu."

"Amin," in ji Malamar, tana jawo ɗankwalinta ya rufe kunnuwanta, inda babu komai sai huji biyu.