Ƙusa a Sarƙar Keke

Ambaliya ta biyo busasshen rafin Tit da ruri, Malam kuwa yana ta taka keke a hawan gaɓa, matarsa mai tsohon ciki a bayansa.

Jiya ya sa babban farantin haƙora a ƙafar baya don hawa ya yi sauƙi. Sarƙa ta yi gajarta, ya ƙara ta, ya haɗe da ƙusar gini. Yanzu duk takawa jira yake ƙusar ta karye.

"Taka, Malam, kar ka waiwaya!" in ji matar.

Da suka kai tudu ya durƙusa yana laluben mahaɗin sarƙar. Babu ƙusa.

Ta kwance bakin zanenta. "Ga ta nan. Kana masallaci na kai keken wurin mai gyara."