Kifin da Aka Ba Kande

Tun da teku ya daina raya kifi, doka ta hana sakin komai a cikinsa. Ranar da katafila ta zo rushe gidan kallon kifi, aka raba wa tsofaffin garin kifayen, kowa ɗaya.

Kande ta karɓi nata a bokitin wanki, ta miƙa wa mijinta Malam Ilu.

"Malam, a hankali, kar ka girgiza shi."

"Me za mu ba shi?"

"Abin da muke ci."

Da suka biyo ta bakin teku, kifin ya yi ta dukan bokitin ta wajen ruwan. Kande ta yaye gyalenta ta lulluɓe shi.

"Yi haƙuri, ɗan nan," in ji ta. "Gidanmu ma akwai ruwa."