Karkarwar Motar Baba

Baba na taka totur, motar ta sake ɗaukar karkarwa tana fizga. Gabansa ya faɗi. Da ita yake kai jikokinsa makaranta kullum.

"Ka ji ta ko?" ya ce wa bakaniken da ke zaune a gefensa. "An canza taya, an canza fulogi, an ɗaure inji. Wallahi wata rana sai ta kashe mu!"

"Baba, tsaya in karɓe ka."

Bakanike ya taka ta son ransa. Mota ta miƙe sumul.

"Munafuka, ta ga mai gyara ta nutsu," in ji Baba, yana dariyar yaƙe.

Ya koma mazauninsa ya taka. Karkarwa ta dawo. Wannan karon bakanike bai saurari inji ba, ƙasa yake kallo. A hankali ya miƙa hannu ya danne gwiwar Baba.

Nan take motar ta daina rawa.

Baba ya zuba wa ƙafarsa ido, tana ta ɓari a ƙarƙashin hannun mutumin.

"Baba," bakanike ya ce da sanyin murya, "wannan gyaran ya fi ƙarfin gareji. Mu wuce asibiti."