Talabijin ɗin Mai Gyaran Keke

Kin tambaye ni ko fim ɗin yaƙi ya dace da lokacin da yara ke zaune gaban talabijin. Bari in ba ki misali.

Wani mai gyaran keke yana zaune gida ɗaya da ƙanensa tela. Kullum da yamma yaran gidan sukan taru a ƙofar telan, yana yanka musu ƙyallaye, yana koya musu haɗa mota da karan dawa. A cikinsu har da ƴar autar mai gyaran keken, wadda ba ta cin tuwon dare sai a gefen baffanta. Uban yakan dawo hannu duk baƙin mai, ya yi sallama, yarinyar ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba. Abin yana ci masa rai, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da ya samu hali sai ya sayo talabijin ya kafa a ɗakinsa. A lokacin wata tasha tana nuna fim ɗin yaƙi kafin magariba, kuma ya lura da zarar an fara harbe-harbe yaran sukan watse daga wurin tela su cika masa ɗaki. Sai ya riƙa ƙara murya don a jiyo daga can. Matarsa ta ce, "Malam, wannan ba kallon yara ba ne." Ya ce ai wasa ne, jinin ma kala ce. Daga inda yake zaune yana hango ƙanensa shi kaɗai da kekensa na ɗinki, uban kuwa yana jin sanyi a ransa.

Ba a daɗe ba karan da ake yin mota da shi ya koma bindiga. Yarinyar kuwa ta rage magana. Wata yamma cikin Agusta hadari ya taso suna tsakiyar kallo, aka yi tsawa daidai lokacin da wani gida ya tarwatse a fim ɗin. Ta miƙe tana toshe kunnuwa. Uban ya buɗe mata hannu, ta wuce shi da gudu, ta ratsa ruwan, ta shige ƙarƙashin teburin baffanta. Tun daga ranar ba ta ƙara taka ɗakin uban ba, ko an kashe talabijin. A da tuwo kawai take ci a wurin tela, yanzu har barci a can take fara yi kafin a ɗauko ta. Daga baya uban ya rubuta wa tashar wasiƙa yana roƙon a mayar da fim ɗin sai yara sun kwanta, ya kai gidan waya da kansa. A hanyarsa ta dawowa ya tarar da yarinyar tana riƙe wa baffanta zare.

Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce.