Ba Za Ki Gane Ba

Da la'asar Mudassir ya iso ƙofar gidan su Hussaina a Tiga, littafin fiziks a hammata kamar da shi aka haife shi. Tun da ɗan aji shidan nan ya ji wai ko an zuƙe iskar kwalba tas akwai wani ƙarfi da ke motsi a ciki, bakinsa bai huta ba. Sai dai ba budurwar tasa yake yi wa bayanin ba.

Da ya zauna ya buɗe littafin, Hussaina ta hango rubutun mace a gefen shafi.

"Hannun wa ne wannan?"

"Fa'iza ce, 'yar ajinmu. Lissafi kawai muke yi."

"An gan ku a bakin dam kana yi mata bayanin kwalba, har da zane a ƙasa da tsinke. Ni kuwa kullum sai 'ya gida, ya aiki'." Ta ɗauko kwalbar man gyaɗa da ta ƙare, ta dire a gabansa. "To ga ta. Gaya mini abin da ke ciki."

Ya yi 'yar dariya, ya sosa ƙeya. "Haba Hussaina, ba za ki gane ba."

Da son Fa'iza ya ce yana yi, da ya fi mata sauƙi. Ta tsura masa ido, ta gyara mayafi.

"Kada ka ƙara yin sallama da ni. Je ka inda ake ganewa."